Su wa kakanninmu suka yaƙa a Burma?

A majalisun Kaduna, da an ambaci tsoffin sojojin Burma sai ka ji an ce ai Jamusawa suka je suka yaƙa. Ba abin mamaki ba ne, tunda "yaƙin Hitila" muka taso muna jin ana kiransa.

Amma sojojin Japan suka tarar a can. Burma, wadda yanzu ake kira Myanmar, maƙwabciyar Indiya ce, nesa ƙwarai da Jamus. Namu sun yi gumurzu a dazuzzukan Arakan da kwarin Kaladan a 1944 da 1945, cikin ruwan sama da sauro, kaya a ka. Kafin nan, a 1941, Italiyawa suka kora daga Mogadishu har cikin Habasha.

Shaida na nan kusa: barikin Kalapanzin na garin nan sunan wani kogin Arakan ya ci. In kuma akwai lambar yabon kaka a tsohuwar adaka, a duba rubutun jikinta. Idan tauraruwar Burma ce, to yaƙi da sojojin Japan ya je. Sai a buɗe taswira a gwada nisan Burma da Jamus.

Don Allah a tura wa 'yan uwa su ma su karanta.