Rarraba ƙananan faifan ajiyar kwamfuta a sabar gida (kwamfutar da ke yi wa sauran na'urorin gida hidima): amsoshin tambayoyin da aka fi yi mini

Tambaya: Da MBR zan tsara faifan ko da GPT?

Amsa: Da GPT. Duka biyun tsare-tsare ne na raba faifai zuwa ɓangarori. Tsarin MBR ba ya wuce manyan ɓangarori 4, kuma ba ya amfani da abin da ya haura terabait 2.

Tambaya: An rubuta gigabait 500 a jikin faifaina, amma kwamfuta tana nuna 465. An cuce ni ke nan?

Amsa: Kwantar da hankalinka, babu wanda ya cuce ka. Masu ƙera faifai da 1000 suke lissafi, kwamfuta kuwa da 1024.

Tambaya: Ina da faifai 3, ɗaya mai gigabait 250, biyu masu 500. In haɗe su su zama guda?

Amsa: Ya danganta da abin da za ka zuba a ciki. LVM, wato tsarin Linux na sarrafa filin faifai, zai iya haɗe maka su ka ga fili mai faɗi, amma ranar da ɗaya daga cikinsu ya mutu, mai yiwuwa ya tafi da abin da ke kan sauran, domin fayil guda yana iya bazuwa a kan faifai biyu. Idan kayan da za ka iya sake saukowa daga intanet ne, ba zan hana ka ba. Idan kuwa hotunan iyali ne da takardun da ba su da madadi, shawarata ita ce ka bar ƙaramin ga Linux kaɗai, ka yanka masa megabait 512 na EFI (ɓangaren da kwamfuta ke tashi daga gare shi), sauran ya zama tushe (inda Linux kansa yake zaune), ko da yake ni na fi son a ware foldar /var daban saboda bayanan da sabar ke rubutawa kullum kada su cika tushen. Manyan biyun ka haɗa su a tsarin RAID 1 da manhajar mdadm, kowane ya zama madubin ɗan'uwansa, ka haƙura da gigabait 500 maimakon 1000. Wasu sukan ce RAID 5, wanda ke raba bayanai a kan faifai uku ko fiye, ya fi, alhali idan ka sa ukun ciki ƙaramin ne zai yanke hukunci, 500 ɗin dai za ka samu. Kafin duk wannan, ka duba lafiyar kowane faifai da manhajar smartctl, musamman in tsofaffi ne.

Tambaya: Tunda na yi RAID 1, ba na bukatar kwafin ajiya ko?

Amsa: Kana bukata, kuma na gaji da nanata wannan magana. Abin da ka goge bisa kuskure, nan take zai goge a faifan biyu.

Tambaya: Na ƙara faifai, sabar ta ƙi tashi. Me na ɓata?

Amsa: Galibi ba ka ɓata komai ba, sunayen da Linux ke ba faifan ne suka sauya, wanda yake sdb jiya ya koma sdc. Nemo lambar UUID ta kowane ɓangare (lambar shaidarsa, wadda ba ta sauyawa kamar sunan) da umarnin blkid, ka rubuta ta a fayil ɗin /etc/fstab, inda aka jera ɓangarorin da sabar ke haɗawa in ta tashi, a madadin sunan.