Eldsjäl: me ya sa mutanen Suwidin ke ce wa mai himma "ruhin wuta"?

Me kalmar take nufi?

Kalmomi biyu aka haɗa: *eld*, wato wuta, da *själ*, wato rai ko ruhi. Eldsjäl shi ne wanda wani aiki ya shiga ransa har ya ba shi lokacinsa da ƙarfinsa, galibi ba a biyansa ko sisi. Idan suna da yawa sai a ce *eldsjälar*.

Ba su da wata kalmar zumuɗi ne?

Suna da ita, *entusiasm*, amma aro ce. Tushenta Girkanci ne, *enthousiasmos*, daga *en*, wato ciki, da *theos*, wato abin bauta. A wurin tsoffin Girkawa, mawaƙi ko boka idan abin ya motsa masa, abin bautarsu ne ya shige shi yana magana da bakinsa. A Turai ta ƙarni na 17 ma kalmar ta zama ta suka, ana jifan masu zafin addini da ke da'awar wahayi da ita. Daga baya ne ta huce ta koma ma'anar shauƙi.

Ita kuwa *eld* 'yar gida ce. Tun a tsohon harshen mutanen arewacin Turai ana cewa *eldr*, shi ya sa a Norwe ake cewa *ildsjel*, a Danmak kuma *ildsjæl*.

Wa ake kira *eldsjäl*?

Ba kowane mai ɗoki ba. Entusiasm na iya tashi yau ta kwanta gobe. Eldsjäl sai an ga shekaru. Suwidin ƙasa ce ta ƙungiyoyin sa kai, kuma nan kalmar ta fi zama: uban da ke horar da yaran unguwa ƙwallo a duhun hunturu, ko dattijuwar da ta hana ƙungiyar mawaƙan ƙauyensu mutuwa. Suna ma da fi'ilin da ke tafiya da ita, *brinna för*, wato mutum ya riƙa ci da wuta saboda wani abu.

Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, wanda aiki ya gajiyar har ya kasa tashi, *utbränd* suke ce masa: ya ƙone ƙurmus.

Yaya ake furta *eldsjäl*?

Nan ne gizo ke saƙa. Haruffan *sj* sauti ne tsakanin "sh" da "hw", kuma ya danganta da yankin da mai magana ya fito. Ka ce "eld-shel", za a gane ka.