Turanci ba ɗan Latin ba ne

Mutane da yawa, har da wasu malaman makaranta, sun ɗauka daga Latin, tsohon harshen Romawa, Turanci ya fito. Ba haka ba ne. 'Yan'uwansa na jini su ne Jamusanci da harshen Holan. A ƙarni na 5 ne ƙabilun Angul da Sakson da Jut suka tsallako teku daga arewacin Jamus da Danmak zuwa Birtaniya da harshensu, kuma daga sunan Angul aka samo "Ingila". Saurari kalmar gida: "house" a Turanci, "Haus" a Jamusanci, furucin kusan ɗaya.

To, ina ruɗanin ya samo asali? A 1066 Wiliyam na Nomandi, wani yanki a arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi, sai Faransanci, wanda shi ne ɗan Latin na gaskiya, ya zama harshen fada da kotu kusan shekara 300. Talaka makiyayi na ce wa saniyarsa "cow", amma da naman ya isa gaban masu sarauta sai ya koma "beef", kalmar da aka aro daga Faransanci. Coci da masana ma suka yi ta kwaso kalmomin Latin kai tsaye. Mu ma ai mun ari "littafi" da "alƙali" daga Larabci, amma Hausa cikin dangin harsunan Cadi take.