Raba Daidai da Takardar Ɗan Asali: Abin da Kundin Tsarin Mulkin Najeriya Ya Tanada

Duk matashin da ya taɓa neman shiga aikin soja ko na 'yan sanda, ko ya nemi gurbin karatu a jami'ar tarayya, ko ya cike takardun neman aiki a wata hukumar gwamnati, ya san akwai takarda guda da ake tambayarsa ita tun kafin a dubi sakamakon jarrabawarsa, wato shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda a bakin jama'a ake ce wa indijin. Mutane da yawa suna ɗaukar ta al'adar ofis kawai, alhali saiwarta tana cikin kundin tsarin mulki na 1999, a ƙarƙashin tanadin da ake kira raba daidai. Da yake zancen yi wa kundin kwaskwarima ba ya ƙarewa a Majalisar Tarayya, ya dace mu san abin da wannan tanadi ya ce, da dalilin sanya shi, da kuma wurin da yake tuntuɓe.

Uwar tanadin ita ce ƙaramin sashe na 3 na sashe na 14. Ma'anarsa a taƙaice ita ce, dole ne a tsara gwamnatin tarayya da hukumominta, a kuma tafiyar da harkokinsu, ta yadda kowane ɓangare na ƙasa zai ga fuskarsa a ciki, domin kada mutanen wasu 'yan jihohi ko wasu 'yan ƙabilu su mamaye gwamnati ko wata hukumarta. Ƙaramin sashe na 4 ya sauko da wannan umarni kan gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi, ya ce su ma su lura da bambancin al'ummomin da ke ƙarƙashinsu, saboda kowa ya ji cewa ana damawa da shi. Mutane sukan manta da wannan rabi na biyu, suna sa ido a kan naɗe-naɗen Abuja, alhali gwamnan da ya tattara kwamishinoninsa daga shiyya ɗaya ta jiha shi ma ya saɓa wa sashen.

Ruwa ba ya tsami banza. Bayan juyin mulkin Janairun 1966, wanda aka kashe Firayim Minista Abubakar Tafawa Balewa da Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello a cikinsa, Janar Aguiyi-Ironsi ya fitar da dokar soja mai lamba 34 a watan Mayu, wadda ta soke tsarin tarayya, ta kuma haɗe aikin gwamnati na yankuna wuri guda. Arewa, wadda take baya a ilimin boko a lokacin, ta fahimci wannan mataki a matsayin hanyar kwashe muƙamanta, kuma kalmar da ta cika tituna a wancan zamani ita ce “a raba”, ana nufin raba ƙasa. Abin da ya biyo baya kowa ya san shi: juyin mulkin Yuli, da kashe-kashen da aka yi wa 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa, da yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Saboda haka a lokacin da Janar Murtala Muhammad ya ƙaddamar da kwamitin tsara sabon kundi a watan Oktoban 1975, a ƙarƙashin jagorancin Cif Rotimi Williams, babbar tambayar da ke gaban mutum 49 na kwamitin ita ce yadda za a cire tsoron danniya daga zukatan jama'a. Amsar da suka bayar ita ce a raba muƙamai domin kada a raba ƙasa. Ta shiga kundin 1979, kuma daga can kundin 1999 ya gaje ta.

Sashe na 14 yana cikin babi na biyu, babin manufofin gwamnati, kuma sashe na 6 ya hana kotuna shiga batun ko gwamnati ta cika abin da ke cikin wannan babi, sai fa inda kundin da kansa ya tanadi akasin haka. Da an tsaya a nan, da raba daidai ya zama nasiha kawai. Sai masu tsara kundin suka warwatsa shi cikin wasu sassa masu haƙora. Sashe na 147 ya wajabta wa shugaban ƙasa naɗa aƙalla minista ɗaya daga kowace jiha, kuma ministan ya kasance ɗan asalin jihar. Wannan ne ya sa majalisar ministocin Najeriya ba ta iya gazawa mutum 36, komai son shugaba da rage kashe kuɗi. Sashe na 171 ya ɗora sharaɗin a kan naɗin jakadu da manyan sakatarori, sashe na 217 ya ɗora shi a kan hafsoshi da ƙananan sojoji, sashe na 223 kuma ya ce shugabannin jam'iyyar siyasa na ƙasa su fito daga aƙalla kashi biyu bisa uku na jihohi, don kada a yi rajistar jam'iyyar ƙabila ɗaya.

Ko zaɓen shugaban ƙasa ma a kan wannan tunani aka gina shi. Sashe na 134 bai wadatu da rinjayen ƙuri'u ba, sai ɗan takara ya haɗa da samun rubu'in ƙuri'un da aka kaɗa a kowace ɗaya daga cikin aƙalla kashi biyu bisa uku na jihohi. A 1979, sa'ad da jihohi suke 19, Alhaji Shehu Shagari ya samu rubu'in a jihohi 12, ya gaza kaiwa a ta 13, wato Kano, sai da Kotun Ƙoli ta yi hukunci a ƙarar da Cif Obafemi Awolowo ya shigar cewa kashi biyu bisa uku na 19 shi ne 12 da biyu bisa uku, ba 13 cif ba. A watan Oktoban 2023 kotun ta sake warware wata taƙaddama irin wannan, inda ta ce Babban Birnin Tarayya ana lissafa shi ne kamar jiha ta 37, ba sharaɗi ba ne na daban a ce sai an samu rubu'in ƙuri'un Abuja. A ganina wannan shi ne ɓangaren raba daidai da ya fi cin nasara, domin ya tilasta wa duk mai son mulkin ƙasar nan ya je neman goyon baya a wuraren da ba a jin harshensa.

Mai sa ido a kan rabon ayyuka ita ce Hukumar Raba Daidai ta Tarayya, wadda gwamnatin Janar Sani Abacha ta kafa da dokar soja a 1996, daga baya sashe na 153 ya sanya ta cikin hukumomin da kundi ya san da zamansu. Tana da shugaba da wakili ɗaya daga kowace jiha da kuma Abuja. Ƙa'idarta ta ce a manyan ofisoshin hukumomin tarayya kada 'yan asalin wata jiha su gaza kashi 2.5 cikin ɗari na ma'aikata, kada kuma su wuce kashi 3, Abuja kuwa a ba ta kashi 1. Kundi ya ba hukumar ikon gurfanar da shugaban ma'aikatar da ya ƙi bin ƙa'ida. Sai dai ƙorafin da aka fi ji daga masu neman aiki shi ne ana ɗaukar ma'aikata a ɓoye ba tare da an tallata guraben ba, ta yadda gurbin jiha yakan faɗa hannun mai uwa a gindin murhu, ɗan talakan jihar kuwa bai ma ji labari ba. Masu sukar tsarin daga wani ɓangaren suna cewa yana danne cancanta. Wannan suka tana da nauyi, amma sashe na 14 bai ce a ɗauki wanda bai cancanta ba; abin da ya nema shi ne a nemo wanda ya cancanta daga kowane wuri, kuma babu jihar da ta rasa irin wannan mutum a yau.

Matsalar da ta fi waɗannan zurfi tana cikin kalmar “ɗan asali” kanta. Duk wannan gini a kanta ya tsaya, amma kundin bai yi mata fassara kai tsaye ba. Mafi kusa da fassara shi ne abin da ke sashe na 318, wanda ya ce mutum na wata jiha ne idan ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ya fito daga wata al'umma da take 'yar asalin jihar. Wace al'umma ce 'yar asali, kuma daga wace shekara ake fara lissafi? Kundi ya yi shiru. Ƙa'idojin hukumar raba daidai sun ƙara da cewa wanda ƙaramar hukuma ta amince da shi a matsayin ɗan asali shi ma ɗan asali ne, wanda hakan ya mayar da hukuncin gaba ɗaya hannun shugaban ƙaramar hukuma da hakimi da mai unguwa. Haihuwa a wuri ba ta cikin lissafi, daɗewa ba ta ciki, biyan haraji ma ba ya ciki.

Sakamakon haka, Bahaushen da aka haifi kakansa a Sabo ta Ibadan ko a cikin garin Jos, da Ibon da aka haifa a Sabon Garin Kano ya tashi yana jin Hausa kamar jakin Kano, matsalarsu ɗaya ce: inda suka sani ba lallai ya ba su takarda ba, inda ake cewa asalinsu ne kuma mai yiwuwa babu wanda ya san gidansu. Wannan ya ci karo da wasu sassa na kundin kansa. Sashe na 15 ya umarci gwamnati ta tabbatar wa kowane ɗan ƙasa cikakken 'yancin zama a ko'ina, har ta ƙarfafa auratayya tsakanin ƙabilu. Sashe na 41 ya ba shi 'yancin zirga-zirga da zama inda ya so, na 42 ya haramta nuna masa bambanci saboda ƙabila ko wurin asali ko addini, na 43 ya ba shi damar mallakar fili da gida a kowane yanki. Abin lura kuma, sashe na 177 da ya jera sharuɗɗan takarar gwamna bai ambaci zama ɗan asali ba, saboda haka a bisa doka mutum na iya zama gwamnan jihar da ba zai iya zama ministanta ba.

Wannan giɓi ya ci rayuka. Rikicin Jos na watan Afrilun 1994 ya tashi ne a kan naɗin shugaban riƙo na ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, wadda aka ƙirƙira a 1991, kuma batun wane ne mai gari yana cikin manyan abubuwan da suka rura wutar Satumban 2001. Adalci ne a faɗi cewa tsoron Birom da Anaguta da Afizere, ƙabilun da suke ɗaukar kansu 'yan asalin Jos, ba na wasa ba ne, domin ƙaramar ƙabila da take ganin baƙi suna ƙaruwa tana tsoron rasa ƙasar noma da sarautar gargajiya da muryarta a siyasa, kuma irin wannan tsoro ne ya haifi raba daidai tun farko. Amma kuma ba a Filato kaɗai abin yake ba: a 2011 gwamnatin jihar Abiya ta sallami ma'aikatanta da ba 'yan asalin jihar ba, mafi yawansu Ibo 'yan'uwansu daga jihohin maƙwabta. Idan aka tuna cewa a shekarun 1950 Malam Umaru Altine, Bafulatani daga lardin Sakkwato, shi ne ya fara zama magajin garin Inugu ta hanyar zaɓe, za a ga cewa a wannan fanni baya muka ci.

Matan aure su ne suka fi shiga tsaka mai wuya. Ƙa'idar hukumar ta ce mace tana ci gaba da amfani da jihar iyayenta ko bayan ta yi aure. A 2012 Alƙaliyar Alƙalan Najeriya ta lokacin, Mai Shari'a Aloma Mukhtar, ta dakatar da rantsar da Mai Shari'a Ifeoma Jombo-Ofo a Kotun Ɗaukaka Ƙara, saboda 'yar asalin Anambara ce amma ta fito a gurbin Abiya, jihar mijinta inda ta shafe shekaru tana aikin alƙalanci. Sai bayan an yi ta kai ruwa rana aka rantsar da ita. A watan Maris na 2022 an kawo wa Majalisar Tarayya ƙudurin da zai bai wa mace damar zama 'yar asalin jihar mijinta bayan shekara biyar da aure, amma bai samu ƙuri'un da ake buƙata ba.

Hanyar gyara tana sashe na 9, kuma da gangan aka tsananta ta. Ana buƙatar amincewar kashi biyu bisa uku na dukkan 'yan kowace majalisa, wato sanatoci 73 cikin 109 da wakilai 240 cikin 360, sannan majalisun dokokin jihohi 24 cikin 36 su amince. Idan gyaran ya taɓa babi na huɗu na haƙƙoƙin ɗan Adam, ko sashe na 8 na ƙirƙirar jihohi, ko sashe na 9 kansa, sai an samu kashi huɗu bisa biyar a Majalisar Tarayya. Bayan wannan akwai sa hannun shugaban ƙasa, kuma rashinsa ne ya rusa aikin gyaran da aka kammala a 2015 a ƙarshen mulkin Goodluck Jonathan. Duk da haka gyara yana yiwuwa, domin a watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan ƙudurori 16, ciki har da waɗanda suka bai wa jihohi damar shiga harkar wutar lantarki da jiragen ƙasa da gidajen gyaran hali.

Ra'ayina shi ne a bar sashe na 14 yadda yake, domin tsoron da ya haife shi bai mutu ba. Wurin da ke buƙatar hannu shi ne sashe na 318: a rubuta ƙarara cewa wanda aka haifa a jiha ya kuma tashi a cikinta, ko ya zauna wasu ƙayyadaddun shekaru yana biyan haraji, ko aure ya zaunar da shi, yana da haƙƙin neman aiki da gurbin karatu da tallafin karatu da sunanta, bisa sharaɗin ya riƙe jiha ɗaya tak, kada ya ci tudu biyu. Sarautar gargajiya da ƙasar gado kuma a ware su a bar su a hannun al'adar kowane wuri, saboda ƙananan ƙabilu su samu natsuwa. Tunda sashe na 318 ba ya cikin babi na huɗu, kashi biyu bisa uku ya isa a Abuja. Inda aikin zai fi wuya shi ne majalisun jihohi 24 ɗin nan, domin 'yan majalisar jiha da 'yan siyasar ƙananan hukumomi su ne suke riƙe da ikon cewa wane ɗan gida ne wane baƙo, kuma wannan ikon ne gyaran zai rage musu.