Mel Blanc

Melvin Jerome Blanc, wanda aka fi sani da Mel Blanc, ɗan wasan kwaikwayo ne na Amurka da ya yi suna wajen ɗora wa katun murya. An haife shi a San Francisco ranar 30 ga Mayu, 1908, ya tashi a Portland ta jihar Oregon, ya rasu a Los Angeles ranar 10 ga Yuli, 1989. Ana yi masa kirari da "mai murya dubu", ko da yake a kirarin akwai zuzutawa.

Da rediyo ya fara. A 1936 ya shiga kamfanin Leon Schlesinger, masu yi wa kamfanin fim na Warner Bros katun. A 1937 aka damƙa masa muryar alade Porky Pig. Wanda yake yin ta kafin shi, Joe Dougherty, in'inarsa ta gaske ce, ba ya iya tsayar da ita inda ake so, shi ya sa naɗar sauti ke cin lokaci da kuɗi. Blanc kuwa in'inar ganganci yake yi, ya kama ta ya sake ta daidai inda abin dariyar yake. A shekarar ne kuma ya fara muryar agwagwa Daffy Duck, sai zomo Bugs Bunny a 1940.

Mai sauraro da kunnen basira zai gane cewa muryar Daffy da ta kyanwa Sylvester kusan ɗaya ce. Bambancin shi ne ana ƙara wa sautin Daffy gudu bayan an naɗa, sai ta yi siriri. Amma na'ura ba ta ba da hali. Haɗamar Daffy da natsuwar Bugs mai cike da rainin wayo, daga maƙogwaro ɗaya suka fito, kuma a fim guda za a ji su suna musu ba wanda zai zaci mutum ɗaya ne. Karas ɗin da Bugs yake ci ma na gaske ne: Blanc zai gutsura a gaban makirufo, ya tauna, ya tofar a kwandon shara, don in ya tsaya haɗiyewa maganar ta wuce.

Daga 1944 aka fara rubuta sunansa a jikin fim, abin da ba a saba yi wa masu murya ba a lokacin. Wannan ya ɗaukaka shi, sai dai ya danne abokan aikinsa. Arthur Q. Bryan, mai muryar maharbi Elmer Fudd, ya daɗe yana aiki ba a ambace shi ba, har masu kallo da yawa suka ɗauka duk Blanc ne.

Da katun ya koma talabijin, ya yi wa kamfanin katun na Hanna-Barbera muryar Barney Rubble a shirin The Flintstones, wanda aka fara nunawa a 1960. A Janairun 1961 ya yi mummunan hatsarin mota a titin Sunset Boulevard, ya shafe kusan mako biyu a sume. Kamar yadda shi da ɗansa Noel suka bayar da labari, an yi ta kiran sunansa shiru, sai wani likita ya tambayi Bugs Bunny ya jiki, nan take ya amsa da muryar zomon. Wani mai murya, Daws Butler, ya riƙe masa Barney na ɗan lokaci, daga baya aka kwaso kayan naɗar sauti aka kafa a gefen gadonsa, sauran 'yan wasan suka kewaye shi, aka ci gaba da aiki yana kwance cikin filasta.

An binne shi a maƙabartar Hollywood Forever. A allon kabarinsa an rubuta "That's all folks", wato "shi ke nan jama'a", kalmar sallamar da Porky ke rufe katun da ita.