Futnot da rafarens a furojek: tambayoyin da 'yan ajin ƙarshe suke yawan yi

Duk shekara in lokacin difens, wato kare furojek, ya matso, daga jami'ar ATBU ta Bauchi har GSU ta Gombe da ta Kashere, sai ka ga ɗalibi ya gama babi biyar lafiya lau amma sufabaiza ya dawo masa da aiki da jan biro saboda shafukan ƙarshe. Ga abin da aka fi tambaya.

Wai mene ne bambancin futnot da jerin manazarta?

Futnot ita ce ƙaramar lambar nan da ake maƙala wa ƙarshen jimla, bayaninta kuma yana can ƙasan wannan shafin. Manazarta kuwa a ƙarshen aiki suke, jere bisa harufan sunayen marubuta. Aikinsu ɗaya ne, nuna inda ka samo magana, kamar dai isnadi a hadisi, wane daga wane har a kai tushe. In mai karatu ya bi abin da ka rubuta bai samo littafin da shafin ba, to rafarens ɗinka bai yi komai ba ko da ya yi kyau a ido.

Wane salo zan bi?

Wanda dipatmen ɗinku ya ce, kar ka je ka kwafi na abokinka na wani fakalti. Galibi 'yan ilimi da kimiyyar zamantakewa salon rafarens na APA suke bi, 'yan adabin Turanci MLA, 'yan tarihi da shari'a su ne masu futnot, na tarihi sun fi karkata ga salon Chicago. Sannan ka tambayi wane bugu, don APA na 7 da ya fito a 2019 ya canza abubuwa: an daina rubuta garin da aka buga littafi, kuma marubuta uku ko fiye tun ambaton farko sunan na farko kawai za ka sa ka bi shi da et al., wato da sauransu. Tsofaffin furojek ɗin da ke laburare yawanci da na 6 aka yi su, shi ya sa kwafarsu ke jawo matsala.

To in APA nake bi, futnot fa?

A APA ba da futnot ake ambato ba, a cikin jimla ake yi, suna da shekara a baka biyu, in kuma ka ɗauko maganar mutum kalma da kalma dole ka ƙara lambar shafi. Futnot sai in akwai ɗan ƙarin bayani da zai katse maka zance. Haɗa biyun a aiki guda shi ne abin da ke fara ɓata wa mai duba rai.

Sunayenmu na Hausa fa, wanne ke zuwa farko?

Nan ake shan wahala gaskiya, don tsarin an gina shi ne kan sunan iyali irin na Turawa, mu kuwa wani sunan mahaifi ne a ƙarshe, wani sunan gari ko unguwa. Abin da ake yi a APA, sunan da ya zo ƙarshe a bangon littafin shi ke zuwa farko, saura a taƙaita, wato Sa'adu Zungur zai koma Zungur, S. Ba a sa Alhaji, Malam, Dakta ko Farfesa, kuma wannan ba rashin ladabi ba ne, ƙa'ida ce. Sannan yadda marubucin ya rubuta sunansa haka za ka bar shi, in Mohammed ya sa kar ka mai da shi Muhammad don kai haka ka fi so, mai neman littafin zai rasa shi.

Na yi hira da dattawa, ya zan sa su?

Ni a ganina wannan ce hujjar da ta fi kowacce tsada, don in dattijon ya rasu ba inda za a sake jin ta. Masu futnot su sa sunansa, shekarunsa, garin da aka yi hirar da kwanan wata. A APA kuwa hirar da ba a adana ta inda wani zai iya samu ba a cikin jimla kawai ake ambatarta, ba ta shiga manazarta. Amma dipatmen da yawa na son jerin waɗanda aka yi hira da su daban, sai ka tambaya. Kuma ka nemi izinin mutum kafin ka sa sunansa.

Ibid. ɗin nan fa?

Ma'anarta wuri ɗaya da futnot ɗin da ta gabata kai tsaye. Matsalarta in ka cusa sabuwar futnot a tsakiya sai ta koma nuna wani littafin daban. Chicago ma tun bugu na 17 a 2017 ta fi son a maimaita suna da gajeren take.

A kwamfuta ya ake yi?

Kar ka bari mai taifin a biznes senta ya buga lambobin da hannu. A Word ka danna Ctrl da Alt da F, lamba za ta fito da kanta kuma in ka ƙara wata duk su gyaru. Ctrl da T kuma ke tura layi na biyu ciki a manazarta. Zotero, manhajar tsara rafarens, kyauta ne, yana jera maka komai, amma ka duba bayansa musamman kan sunayenmu. Su ChatGPT kuwa suna iya ƙirƙiro littafin da babu shi a duniya, duk abin da ba ka buɗe da idonka ba kar ya shiga jerin.

Kafin in kai bayindin me zan duba?

Ɗauki biro ka bi babi babi, duk sunan da ka ambata ka nemo shi a manazarta ka yi masa alama, ka tabbata shekarar ɗaya ce a wuraren biyu. A APA wanda ya rage ba alama cire shi za ka yi.