Ƙasusuwan Jurab: ta yaya ake gane dabbar da ta fi yawa a zamanin da?

Me ake tsinta a Jurab?

A hamadar Jurab da ke arewacin ƙasarmu Chadi, iskar hunturu ce ke yin rabin aikin: ta kwashe rairayi, ƙasusuwan da suka zama dutse su bayyana. A wani wuri mai suna Toros-Menalla da ke cikinta ne, a watan Yulin 2001, tawagar masani Bafaranshe Michel Brunet ta tsinci ƙoƙon kan Toumaï, wani daɗaɗɗen dangin ɗan Adam mai shekaru wajen miliyan 7. Kewaye da shi ga ragowar kifi, kada, dorina, kura da dangin barewa.

In haƙoran kada suka fi yawa, ba kadoji ne suka fi yawa ba ke nan?

Ba lallai ba. Kada har ya mutu haƙori na faɗuwa wani na tsirowa, shi ya sa guda ɗaya kan bar haƙora rututu. Barewa kuwa sau ɗaya take famfara. Sannan dabbar da ta mutu a bakin tafki laka ke rufe ta nan da nan. Wadda ta faɗi a tudu, kura da rana sun gama da ita kafin ƙasa ta binne ta.

To yaya ake lissafin?

Hanya biyu. Ko a ƙirga duk guntun da aka gane mai shi, ko a nemi mafi ƙarancin dabbobin da za su iya ba da waɗannan ƙasusuwa. Dubi juji bayan layya: guntaye hamsin na iya zama na rago ɗaya, amma muƙamuƙin dama uku, raguna uku ne ba makawa. Hanyar farko takan kumbura dabbar da ƙashinta ke farfashewa, ta biyu kuma ta kumbura wadda ba a cika samu ba. A ganina, duk wanda ya kawo ɗaya ya ɓoye ɗayar, a yi masa tambaya.

Yadda aka tattara fa?

Mai tafiya yana duban ƙasa muƙamuƙin dorina zai hango. Haƙorin ɓera, da bai wuce ƙwayar gero ba, sai an tankaɗe rairayi da rariya. Ba a tankaɗe ba, ɓera ya fita daga lissafi.

Guda nawa suka isa?

Ana ci gaba da tarawa ana lura: in kowane sabon tari na fito da dabbar da ba a gani ba, da sauran aiki. Dangin Toumaï kansu 'yan guntaye ne cikin dubban ƙasusuwa, ƙaramin tari zai iya wuce su gaba ɗaya.